YADDA AKE GASA ƘANANAN BURODI MAI LAUSHI A GIDA DA ALKAMAR GONARKA

GABATARWA

Malam manomi, wannan takarda taka ce, kai da uwargida. An shirya ta ne domin a nuna muku yadda za ku gasa ƙananan burodin nan mai laushi da ɗan zaƙi, irin wanda akan kawo tare da abinci a manyan gidajen cin abinci na birni. Mutane da yawa suna zaton sai da injin bature da tanda mai lantarki ake yinsa. Ba haka ba ne. Da alkamar gonarka, da tukunya, da garwashi, za a yi shi a tsakar gida.

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni ana nomanta a fadamu ana yin alkaki da gurasa da finkaso da taliya. Da aka gina madatsar ruwa ta Tiga da ta Bakolori a shekarun 1970, sai noman rani ya bunƙasa a Kadawa da kewayen Talata Mafara. A 1987 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da alkama daga waje don a ƙarfafa nomanta a gida, daga baya kuma aka ɗage hanin. Har yanzu mafi yawan alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje take zuwa. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, kuɗin fulawa da burodi suka tashi har a ƙauyukanmu.

To, ga abin dubawa. Manomi yakan sayar da alkamarsa da kaka, lokacin da ta fi araha, sa'an nan ya koma yana sayen burodi da tsada kowace safiya. In aka ajiye ko da buhu ɗaya aka riƙa sarrafa shi a gida, yara sun sami abin karya kumallo, uwargida kuma ta sami sana'a.

1. ALKAMAR DA TA DACE DA BURODI

Abin da ya bambanta alkama da dawa da gero da masara shi ne danƙo. In aka jiƙa garin alkama aka murza shi, sai ya riƙa miƙewa kamar roba. Wannan danƙo shi ne yake riƙe iskar da yis yake fitarwa, har burodi ya kumbura. Dawa da gero da masara ba su da shi, don haka garinsu kaɗai ba ya yin burodi mai tashi.

Ingancin burodi daga gona yake farawa. Lalle a kula da waɗannan:

(a) A shuka alkama da wuri, watau daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don ta yi ido cikin sanyi. Wadda aka makara shukawa zafin Maris yakan same ta, ƙwayar ta motse, dusa ta yi yawa, gari ya yi kaɗan.

(b) Kada a hana ta kashi na biyu na takin zamani. Alkamar da ta ji yunwar taki danƙonta yakan ragu.

(c) A nemi iri mai kyau. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ce take da alhakin binciken alkama a ƙasar nan, kuma akwai irin burodi da ta fitar kamar su Norman da Reyna.

(d) A girbe a sussuke kafin ruwan farko. Alkamar da ta jiƙe ta fara tsiro, burodinta yakan yi cakwal a ciki komai daɗewar gashi.

Ga hanya mai sauƙi ta gwada alkama. A ciji ƙwaya ɗaya. In ta ce ƙas, cikinta kuma yana ɗan sheƙi kamar ƙaho, ta bushe kuma tana da ƙarfi. Sa'an nan a kwaɓa cokali uku na garinta da ruwa kaɗan, a dunƙula, a bar shi minti 20, a riƙa wanke shi a hankali cikin kwanon ruwa. Farin gari zai fita, a bar wani abu mai yauƙi a hannu. In ya miƙe bai tsinke da wuri ba, alkamar ta burodi ce. In ya wargaje, a bar ta don alkaki, ko a gauraya ta da fulawar kanti.

2. GYARAN ALKAMA DA NIƘA

A sheƙe alkamar, a tsince tsakuwa da ƙasa, a wanke ta, a rege. A bar ta ta tsane har ta zama da ɗan danshi kawai, sa'an nan a surfa ta sama-sama a turmi, a bakace dusar. Wannan ɗan danshin yana da amfani, gama shi yake sa ɓawon ya fita fala-fala maimakon ya niƙe ya shiga cikin gari. Bayan surfe a shanya ta a kan tabarma mai tsabta ta bushe sosai.

In an je inji, a roƙi mai niƙa ya share injin tukuna, don kada a dawo da gari mai yajin barkono ko ƙarnin wake. A niƙa sau biyu. Gari yakan fito da zafi, saboda haka a baza shi a faranti ya huce kafin a tankaɗe. A tankaɗe da rariya mai laushi. Tsakin da ya rage a yi fate ko kunu da shi, dusar kuwa ta kaji da awaki ce. Babu abin zubarwa.

Garin gida ba zai yi fari kamar fulawar kanti ba, amma ya fi ta amfani a jiki. Sai dai yana da ɗan mai a cikinsa, don haka ba ya jure ajiya. A niƙa abin da za a cinye cikin mako uku ko huɗu kawai. Garin da ya kwana biyar ko mako ɗaya bayan niƙa ya fi na ranar daɗin kwaɓi.

Ga mai koyo, shawara ita ce a haɗa rabi garin gida, rabi fulawar kanti. In hannu ya faɗa, a riƙa ƙara na gida ana rage na kanti. Mai son ya sa garin rogo ko na dawa don rage kashe kuɗi, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma, in ba haka ba burodin zai yi nauyi.

3. KAYAN HAƊI DA AIKIN KOWANNE

Wanda ya san aikin kowane abu da yake zubawa, ko an sami matsala zai gane inda take.

Yis. Wannan abu ne mai rai, ko da yake ana ganinsa kamar busasshen gari. In ya sami ɗumi da danshi da sukari sai ya farka, ya riƙa fitar da iska. Ruwan sanyi yana sa shi nawa, ruwan zafi kuwa kashe shi yake yi. Hodar da ake sa wa kek da cincin ba ta maye gurbinsa.

Madara. Ita take sa cikin burodi ya yi laushi, bayansa ya yi ja. In madarar shanu ce sabuwar tatsa, lalle a tafasa ta a bar ta ta huce. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta irin na tarin fuka da bakkale, kuma ɗanyar madara takan raunana kwaɓi. In ta gari ce, a dama cokali uku cikin ruwa.

Sukari. Yana ba da zaƙi, yana riƙe danshi, yana sa launi. Amma in ya yi yawa sai ya danne yis, kwaɓi ya yi ta jan ƙafa. Ana iya sa zuma a madadinsa, sai dai burodin zuma yana saurin yin ja, a kula da wuta.

Mai. Bota ko man shanu soyayye ko man gyaɗa, duk suna yi. Mai shi yake hana burodi saurin ƙandarewa.

Ƙwai. Yana ƙara laushi da ɗanɗano da amfani a jiki.

Gishiri. Yana fito da ɗanɗano, yana ƙarfafa danƙo, yana kuma hana yis yin gaggawa. Kada a zuba shi kai tsaye a kan yis, a gauraya shi cikin gari.

4. AWO

An yi wannan awo ne da ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, wanda babu gidan da ba a samunsa. Kowane awo a shafe bakinsa, kada a yi masa tozo.

Gari: gwangwani 6, watau kimanin rabin kilo
Madara: gwangwani ɗaya da rabi
Ruwa: rabin gwangwani
Sukari: rabin gwangwani
Bota ko man shanu: babban cokali 4
Ƙwai: guda ɗaya, da wani ɗaya na shafe
Busasshen yis: cokalin shayi 2
Gishiri: cokalin shayi ɗaya da rabi

Wannan awo yana ba da ƙananan burodi 16. Mai son 32 sai ya ninka kome da kome.

5. KWAƁI MATAKI-MATAKI

Uwargida, kafin a fara a wanke hannu da sabulu, a yanke farce, a ɗaura kallabi. Kwano da faranti su zama a wanke, a bushe.

Mataki na 1: Yin talge. Wannan dabara ce da masu gashin burodi na ƙasar Japan da Sin suka shahara da ita, kuma ba za ta ba mai tuƙa tuwo wuya ba. Daga cikin garin da aka auna a ɗebi babban cokali uku, a dama da rabin gwangwanin ruwan nan da rubu'in gwangwani daga madarar. A ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri kamar talge. A sauke ya huce. Dafaffen gari yana riƙe ruwa fiye da ɗanye, shi ya sa burodin da aka sa wa talge yakan kwana biyu bai bushe ba. Mai dankali yana iya dafa ɗan madaidaici guda ɗaya, ya marmashe shi, ya sa a maimakon talgen.

Mataki na 2: Tayar da yis. A ɗumama sauran madarar. A sa ɗan yatsa a ji: ɗumin ya zama kamar na ruwan wankan jariri. In yatsa ya kasa zama a ciki, ya yi zafi, a jira. A zuba yis da cokalin shayi ɗaya na sukari, a juya, a rufe minti 10. In ya yi kumfa a sama, yana da rai. In bai yi ba, ya mutu, a zubar a nemi wani. Gara a yi asarar cokali biyu na yis da a yi asarar gari duka.

Mataki na 3: Haɗawa. A zuba gari da gishiri da sauran sukari a babban kwano, a gauraya. A yi rami a tsakiya, a zuba ruwan yis da talge da ƙwai ɗaya. A juya da hannu har busasshen gari ya ɓace. In garin gida ya fi yawa, a rufe a bar shi ya huta minti 15, don dusar da ta rage ta sha ruwa. Garin gida ya fi na kanti shan ruwa, don haka in kwaɓin ya yi tauri a ƙara ruwa cokali ɗaya ko biyu.

Mataki na 4: Murza. A nan aikin yake. A ɗora kwaɓin a kan faranti ko katako mai tsabta. A tura shi gaba da gindin tafin hannu, a naɗo shi, a ɗan juya, a sake turawa. Bayan minti biyar a fara sa man kaɗan-kaɗan ana ci gaba da murza. Da farko zai yi santsi kamar ya lalace, kada a damu, zai shanye. Gaba ɗaya a murza minti 12 zuwa 15.

Kuskuren da ya fi yawa a nan ne. Kwaɓin burodi mai laushi dole ya ɗan riƙa kama hannu. Masu koyo da sun ji yana manne musu sai su yi ta barbaɗa gari, ƙarshe su gasa dutse. In yana kama hannu a shafa ɗan mai a tafi, kada a ƙara gari. Alamar ya murzu ita ce ya yi sumul, in kuma aka gutsuri kaɗan aka ja shi da yatsu a hankali, ya miƙe ya yi shara-shara har a ga haske ta cikinsa kafin ya yage.

Mataki na 5: Tashi na farko. A shafa mai a kwano, a sa kwaɓin, a rufe da murfi ko tsumma mai danshi. A ajiye inda babu iska har ya ninka girmansa. Yawanci awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi ne, amma kwaɓin za a duba, ba agogo ba. Da bazara minti 45 yana iya isa, sai a ajiye shi a inuwa mai sanyi. Da hunturu yana iya kai awa biyu, sai a kai shi ɗaki ko kusa da murhu, amma kada ya taɓa zafi. Iskar hunturu tana busar da bayan kwaɓi ya yi ɓawo, saboda haka a rufe shi ruf.

Mataki na 6: Curawa. A danne kwaɓin iska ta fita. A raba shi biyu, kowane rabi a sake raba shi biyu, haka har a sami 16 daidai wa daida, kowanne kamar girman ƙwan agwagwa. In wani ya fi wani girma, ƙaramin zai ƙone kafin babban ya gasu. A ɗauki kowane curi a tattaro gefunansa zuwa ƙasa, a tsuke, a mulmula shi a kan faranti har samansa ya ɗame ya yi santsi. A jera su a farantin gashi da aka shafa wa mai, a bar faɗin yatsa ɗaya tsakaninsu. In sun tashi za su haɗu da juna, wannan haɗuwar ita take sa gefensu ya yi laushi kamar auduga idan an ɓalle su.

Mataki na 7: Tashi na biyu. A rufe su minti 30 zuwa 45. A wannan lokaci ne za a haɗa wuta. Don a san sun isa gashi, a ɗan danna ɗaya da yatsa. In gurbin ya ciko nan da nan, da saura. In ya ciko a hankali ya bar ɗan alama, sun yi. In ya lotsa bai ciko ba, sun wuce, a gaggauta gasawa.

Mataki na 8: Shafe. A kaɗa ƙwai ɗaya da cokali ɗaya na madara, a shafa a samansu a hankali, kada a danne.

6. GASHI

Wannan burodi yana son matsakaiciyar wuta, domin sukari da madara suna sa shi saurin ƙonewa. Mai tanda ta gas ko lantarki ya sa ta a kan awon zafi 180 zuwa 190, ya gasa minti 15 zuwa 20. Wanda ba shi da ita, ga hanyoyi biyu.

Gashin tukunya. A sami babbar tukunyar ƙarfe. A zuba yashin rafi wankakke busasshe, kaurin yatsa uku. A ɗora duwatsu uku ko gwangwanaye uku a kan yashin, don faranti ya zauna a kansu bai taɓa yashi ba. A rufe tukunyar da murfin ƙarfe mai faɗi, a ɗora a kan garwashi ta yi zafi minti 15. Sa'an nan a sa farantin burodi, a rufe, a zuba garwashi a kan murfin. Garwashin sama ya ɗan fi na ƙasa yawa, in ba haka ba gindin zai ƙone sama tana fara. Garwashi ake so, ba harshen wuta ba. Kada a buɗe cikin minti 10 na farko. Gashin tukunya yakan ɗauki minti 20 zuwa 30.

Tandar laka. Ga mai niyyar sana'a, wannan ta fi. A hura itace a cikinta awa ɗaya ko fiye har bangon ya ɗauki zafi, a kwashe garwashin, a goge ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma da aka ɗaura a sanda, a rufe ƙofa na ɗan lokaci zafin ya daidaita, kana a sa burodi. In an gama, sauran zafin ya isa a gasa gyaɗa.

Yadda ake gwada zafi ba tare da ma'auni ba: a barbaɗa ɗan gari a murfin gwangwani, a sa a ciki, a rufe. In cikin minti biyar ya yi ja-ja kamar bayan gurasa, zafin ya yi daidai. In ya yi baƙi kafin minti uku, wuta ta yi yawa, a rage. In bayan minti biyar yana nan fari, a ƙara.

Burodi ya gasu idan samansa ya yi ja mai kyau, in an ɗaga an ji ba nauyi, in kuma an ɓalle ɗaya daga tsakiya cikinsa ba ya kama yatsa. Da an sauke a shafa masa bota ko man shanu tun da zafi. A cire su daga faranti bayan minti biyar, a ɗora a kan faifai, a lulluɓe da tsumma mai tsabta su huce.

7. MATSALOLI DA MAGANINSU

Burodi ya ƙi tashi. Yis ya mutu, ko madara ta yi zafi, ko wurin ya yi sanyi. A riƙa gwada yis kowane lokaci. In an buɗe ƙunshinsa a ɗaure bakin tam, a ajiye a wuri mai sanyi da babu danshi.

Ya yi tauri da nauyi. Gari ya yi yawa, ko murza ba ta isa ba, ko an gasa kafin ya gama tashi.

Ya yi tsami, yana warin tsimi. An bar shi ya wuce lokacin tashi. Wannan ya fi faruwa da bazara. A rage yis zuwa cokali ɗaya da rabi, a yi kwaɓi da sassafe.

Ya tashi ya koma ya lotsa. Tashi na biyu ya yi tsawo, ko an buɗe murfi da wuri, ko alkamar ba ta da danƙo.

Waje ya ƙone, ciki ɗanye. Wuta ta yi yawa. A rage garwashi a ƙara lokaci.

Ya bushe washegari. An daɗe ana gashi, ko mai ya yi kaɗan, ko an bar shi a buɗe cikin iska.

8. AJIYA DA SAYARWA

Kada a sa burodi a leda sai ya huce sarai. In aka ƙulle shi da zafi, gumi zai taru a ciki, ya yi hunhuna da wuri. Wannan burodi ba a sa masa maganin hana lalacewa ba, don haka kwana biyu zuwa uku ne iyakarsa, da damina ma bai kai haka ba. Wanda ya yi hunhuna a zubar da shi duka, kada a yanke wurin a ci saura, kada kuma a ba yara. Wanda ya bushe kawai, a yayyafa masa ruwa a ɗumama a tukunya minti biyar, zai dawo.

Mai son sayarwa ya fara da rabin kilo ko kilo ɗaya. Masu shayi, da 'yan makaranta, da ranar kasuwa, da taron suna ko biki, duk wuraren ciniki ne. Amma lalle a yi lissafi. A rubuta kuɗin gari, har da na gida bisa farashin kasuwa, da niƙa, da sukari, da madara, da mai, da ƙwai, da yis, da gawayi, da leda. A haɗa, a raba da yawan burodin da aka samu. Abin da ya fito shi ne uwar kuɗin kowane ɗaya, a kansa za a ɗora riba da ladan wahala. Wanda bai lissafa alkamarsa ba don ta gonarsa ce, yana cin uwar kuɗi yana zaton riba yake ci. Mata biyar ko shida suna iya haɗa kai su gina tanda ɗaya, su sayi yis da sukari a sari, su riƙa gashi bi da bi.

9. GARGAƊI

(a) Kada a kuskura a niƙa irin shuka da aka gauraya da magani. Wanki ba ya fitar da dafin. Irin shuka a ajiye shi dabam, a yi wa buhun alama.

(b) Alkamar da aka sa wa ƙwayar maganin ƙwari a rumbu, a cire ƙunshin maganin, a baza ta ta sha iska kamar yadda malamin gona ya nuna kafin a kai niƙa.

(c) Kada a yi tanda ko faranti da gangar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur ko fenti.

(d) Kada a yi gashi da gawayi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari. A yi a tsakar gida ko rumfa.

(e) Akwai wata hoda mai suna buromet da wasu suke sa wa burodi don ya kumbura. Hukumar NAFDAC ta hana amfani da ita saboda tana cutar da lafiya. Ko an yi muku tallarta kada ku saya. Haka kuma kada a sa sakarin a madadin sukari.

(f) A nisanta yara daga yashi mai zafi da murfin garwashi.

ABUBUWAN TUNAWA

Alkama mai danƙo, busasshiya, mai tsabta.
Madara mai ɗumi, ba mai zafi ba.
A gwada yis kafin a zuba.
Kwaɓi mai laushi, murza minti 12 zuwa 15.
Tashi sau biyu, a rufe.
Matsakaiciyar wuta, garwashin sama ya fi na ƙasa.
A bari ya huce kafin a ƙulle.

In na farko bai fito yadda ake so ba, a duba sashe na 7, a gyara abu ɗaya, a sake gwadawa. Sannu ba ta hana zuwa. Don ƙarin bayani a kan irin alkama, da lokacin shuka, da taki, da ajiyar hatsi, a tuntuɓi malamin gona na yankinku. Matan gida kuma su nemi malamar da ke kula da sashen mata a ofishin aikin gona mafi kusa, za ta nuna musu kwaɓi da ginin tanda ido da ido.